Gicciyen dutse da tambayar da nake yi wa Sabon Gari

Yau daga Sikotland za mu faro, amma ku yi haƙuri, a Sabon Gari za mu sauka.

A wani ƙauye mai suna Ruthwell akwai gicciyen dutse da aka sassaƙa tun ƙarni na 8, tsayinsa ya haura mita biyar. A 1642 aka farfasa shi, kuma Kiristocin ne da kansu suka yi, domin shugabannin cocinsu na lokacin suna ganin hotunan jikinsa kamar gumaka ne. Gutsattsarin suka yi shekaru a yashe. Sai a 1823 limamin cocin, Henry Duncan, ya harhaɗa su ya sake tsayar da shi. Yau hukuma ce ke kula da shi, ko ƙwarzane ba ka isa ka yi masa ba.

To, mu dawo gida. Turawa sun yanka Sabon Gari wajajen 1913 don baƙin da jirgin ƙasa ya kawo, Yarbawa, Inyamurai, mutanen Saliyo da Gana. Sun gina coci-coci, har titi guda ake kira Church Road. Sun haihu a nan, sun binne iyayensu a nan. Duwatsun kaburburan nan masu gicciye da suna da shekara, wallahi littafin tarihin Kano ne. Na san wani zai ce, kai Musulmi, ina ruwanka? Ruwana shi ne garinmu ne, kuma duk ranar da aka zo gardamar wa ya zo yaushe, dutse ba ya ƙarya.

Doka kam muna da ita. Tun 1979 aka kafa hukumar gidajen tarihi da kayan tarihi ta ƙasa, kuma Gidan Makama da ganuwa suna cikin lissafinta. Amma ko ganuwar da Sarki Gijimasu ya fara, kuna ganin yadda ake cinye ta da gini. Ƙofar Na'isa ma rushe ta aka yi a 2010 don faɗaɗa titi. Balle dutsen da babu shi a takardar kowa.

Asabar mai zuwa zan zaga da waya, in nemi izinin dattawan coci, in ɗauki hoton duk tsohon rubutun da na gani. Mai son rakiya ya yi magana a ƙasa.