Desert Strike: wasan da aka ƙera daga yaƙin da sojojinmu suka je

Yau za mu waiwayi wani tsohon wasan tele na jirgi mai saukar ungulu. Kar ku ce wasan yara ne kawai, akwai tarihinmu a ciki.

Ran 2 ga Agusta 1990 Iraƙi ta mamaye Kuwait. Nijar, zamanin Janar Ali Shaibu, ta tura ɗaruruwan sojoji Saudiyya cikin rundunar ƙawance. Yaƙi ya ƙare a Fabrairun 1991. Shekara guda bayan haka, a 1992, kamfanin Electronic Arts na Amurka ya fito da Desert Strike a na'urar Sega Mega Drive. Mike Posehn ne ya tsara shi. Kai ne direban jirgin Apache, kana yaƙar wani Janar Kilbaba da kowa ya gane da Saddam ake. Tun lokacin wasu suka ce an maida jinin mutane kasuwa.

Amma wasan ya karɓu, don ba harbi kaɗai ba ne. Mai yana ƙarewa, harsashi yana ƙarewa. Dole ka san inda za ka jawo gangar mai da igiya, ka kwaso fursunoni ka kai su tudun mun tsira. Mai gaggawa ba ya nisa.

Daga nan sai Jungle Strike a 1993, Urban Strike a 1994, Soviet Strike a 1996 kan PlayStation, da Nuclear Strike a 1997. Nan jerin ya tsaya.

To, ga abin lura. A duk waɗannan wasanni daga sama ake kallon yaƙi. Ba a nuna zaman makoki, ba a nuna wanda ya bar gonarsa da dabbobinsa. Mu kuwa da ke kan hanyar Damagaram zuwa Diffa mun ga ɗaya ɓangaren tun hare-haren Bosso da Diffa na Fabrairun 2015.

Yau yaranmu a waya suke buga jikokin waɗannan wasanni. Ƙwace waya ba ya magani. Mu zauna da su, mu tambaye su: gidan nan da ka rusa, wa ke ciki? Allah ya ba mu zaman lafiya.