Yadda ake auna raunin mayar da hankali bayan buguwa a ka

Mutane da dama da suka bugu a ka, a haɗarin mota ko na babur ko a filin wasa, sukan warke a zahiri, amma su rika kasa tattara hankalinsu wuri guda. Mutum zai fara karatu ya rasa inda ya tsaya, ko kuma hira ta kuɓuce masa idan ana hayaniya.

Sau da yawa hoton ƙwaƙwalwa na CT ba ya nuna komai, musamman idan buguwar ba ta yi tsanani ba, domin lahanin yana cikin siraran jijiyoyin da ke sadar da saƙo tsakanin sassan ƙwaƙwalwa. Wannan kan sa iyali ko shugabanni a wurin aiki su ɗauka lalaci ne kawai.

Lantarkin ƙwaƙwalwa

Ƙwayoyin ƙwaƙwalwa suna aiki ne da wata 'yar wutar lantarki mai rauni ƙwarai. Wani likita Bajamushe, Hans Berger, shi ne ya fara naɗar ta a jikin ɗan Adam a 1924 a birnin Jena, ya kuma wallafa sakamakon a 1929. Na'urar da ke wannan aiki ita ake kira EEG.

Ana manna ƙananan faya-fayan ƙarfe a fatar kai. Ba sa saka wa mutum wuta, ɗaukar abin da ke fitowa kawai suke yi, kuma babu zafi.

Gwajin sauti

Ana sa wa majinyaci sauti iri ɗaya yana ta maimaituwa, sai jifa-jifa a jefo wani daban, a ce ya ƙirga shi ko ya danna maɓalli. Da zarar ƙwaƙwalwa ta gane baƙon sautin, sai wutar ta yi wani tashi bayan kusan sulusin daƙiƙa. Samuel Sutton da abokan aikinsa a Amurka ne suka bayyana wannan tashi a 1965, ana kuma kiran sa P300.

Da yake alamar ƙarama ce, sai an maimaita gwajin sau da yawa, kwamfuta ta fitar da matsakaici.

Bincike da dama ya nuna cewa a wajen waɗanda suka bugu a ka, P300 kan zo a makare, alamar ƙwaƙwalwa na jinkirin tantance abin da ta ji, ko kuma ya zo da rauni, alamar hankalin da aka zuba bai kai yadda ya kamata ba.

Sai dai shekaru, rashin barci, barasa, wasu magunguna da ciwon damuwa duk suna sauya wannan alama. Bambancin ya fi fitowa fili idan an kwatanta rukunin majinyata da na masu lafiya, ba mutum guda ba. Saboda haka likitoci ba sa dogara da shi kaɗai: sukan haɗa da gwaje-gwajen tunani da kuma bayanin da iyalin majinyaci suka bayar.