Yara a Gaba, Alƙalai a Baya: Tarihin Allon Sulu

A gaɓar tekun Kalifoniya, can yammacin Amurka, akwai samarin da ba su da abin so kamar hawan igiyar ruwa. Su ɗauki dogon allo su faɗa teku, su jira igiya ta taso, su miƙe tsaye ta kwaso su zuwa gaɓa. To amma ba kullum teku ke da igiya ba. Ranar da ya kwanta luf, sai zaman kashe wando. A shekarun 1950 wasu daga cikinsu suka fara ɓalle tayoyin ƙarfe daga takalman gudu na yara, su kafa su da ƙusa a ƙasan falanki, su gangara titi a kai. Duk wanda ya taɓa haɗa motar boris yana yaro ya tura ta a gangaren unguwa ya san irin ƙarar da abin ke yi, ya kuma san targaɗen da ke biyo baya. Babu mutum ɗaya da za a nuna a ce shi ya ƙirƙiro allon sulu. Yara ne suka yi abinsu, 'yan kasuwa suka hango daga baya.

Kamfanin Roller Derby ya fara ƙera shi da yawa a 1959. A 1963 Larry Stevenson, wanda aikinsa ceton masu nutsewa ne a bakin teku, ya kafa kamfanin Makaha, kuma a shekarar aka yi gasar farko a harabar wata makaranta a garin Hermosa Beach. Abin da ake ba maki a lokacin bai wuce tsayuwa da hannu ƙafa a sama ba, da juyi a wuri ɗaya, da ratsa tsakanin robobin da aka jera, da tsallake sanda. Mujallar wasan ta farko ta fito a 1964. A watan Mayun 1965 hoton Patti McGee ya hau bangon mujallar Life, tana tafe a kan allo da hannuwa, gashinta na lilo ƙasa. Aka nuna gasar garin Anaheim a talabijin. Kowane yaro ya tasa iyayensa gaba sai an saya masa.

Ba a je ko'ina ba kasuwar ta rushe, kuma taya ce ta rusa ta. An bar ƙarfe an koma wata taya mai tauri da ake kira tayar yumɓu, wadda ba ta kama ƙasa. Tsakuwa ɗaya ta isa ta tsayar da allo cak, mai shi ya wuce gaba da ka. Likitoci suka yi ta kuka, garuruwa suka yi ta kafa dokar hani, mujallar nan ta mutu bayan fitowa huɗu kacal.

Wanda ya tayar da wasan daga kabari ba gwani ba ne. Wani matashi ne, Frank Nasworthy, da ya ga tayoyin wata roba da ake kira yuretan a wata masana'anta a jihar Bajiniya, ya ce bari ya gwada su a allonsa. A 1972 ya fara sayar da su a Kalifoniya da sunan Cadillac. Wannan taya tana danne tsakuwa ta wuce, tana riƙe kwalta a kwana, ba ta kuma ƙara. Da ita ne mutum ya iya kwantowa gefe cikin gudu ba tare da allo ya zame masa ba.

Nan ne labarin ya fi yi mini daɗi. A yankin da Santa Monica ta haɗu da Venice akwai wata unguwa da ta lalace a lokacin, da tsohuwar gadar shaƙatawa da ta ruɓe a cikin ruwa. Dogtown suke ce mata. A can Jeff Ho da Skip Engblom da Craig Stecyk ke da shagon allon igiyar ruwa mai suna Zephyr, kuma shagon ya zama matattarar yaran unguwa, da yawansu 'ya'yan gidajen da aure ya mutu. Da safe su hau igiya, da rana su nufi makarantun da ke gindin tudu, irin su Paul Revere da Kenter Canyon, inda aka shafe gangaren filin wasa da kwalta. Suna kwaikwayon wani gwanin igiyar ruwa na Hawai, Larry Bertlemann: su durƙusa har gwiwa ta kusa taɓa ƙirji, su dafa ƙasa da tafin hannu, su murɗa allo ya yi ƙuwwa.

A watan Afrilun 1975 aka shirya babbar gasa a Del Mar, irinta ta farko tun rushewar nan. Tsofaffin gwanaye suka zo da abin da suka sani, a miƙe ƙyam, ana juyi ana tsayuwa da hannu a kan dandamalin katako. Sai ga yaran Zephyr cikin riguna masu shuɗi iri ɗaya. Jay Adams, yaro ɗan shekara 14, ya shiga fili a durƙushe, yana sharar ƙasa da hannu, yana yankar kwana kamar zai faɗi bai faɗi ba. Alƙalai suka rasa ta cewa, don takardar makinsu ba ta da gurbin abin da suke gani. Na uku aka ba shi a rukuninsa, ɗan ƙungiyarsu Tony Alva na huɗu. Peggy Oki, mace ɗaya tilo a ƙungiyar, ita ta ci ta mata. Russ Howell, sarkin tsayuwa da hannu, ya ci ta manya. Yau in ka tambayi mai wasan wa ya ci Del Mar, da wuya ya sani. Wanda ya zo na uku ake tunawa.

Sai kuma fari. A 1976 da 1977 ruwan sama ya ɗauke wa Kalifoniya, aka takura amfani da ruwa, masu kuɗi da yawa suka bar tafkunan wankan da ke bayan gidajensu a bushe. Tafkunan can ba masu kusurwa ba ne. Wanda ake yayi tun bayan yaƙin duniya na biyu shi ne mai siffar ƙoda, ƙasansa a lanƙwashe, bangonsa ya taso a hankali har ya miƙe. Yaran suka ga igiyar ruwa ce ta siminti. Su bi unguwannin attajirai suna leƙen katanga, in sun samu gidan da ba kowa su haura, su kwashe guntun ruwan da ya rage da bokiti, su yi ta hawan bango har sai an kira 'yan sanda. Shiga gidan mutane ne ba izini, ba zan ce ba laifi ba ne. Amma a irin wannan tafki ne Tony Alva, a 1977, ya wuce bakin bango ya tashi sama riƙe da allonsa, ya juyo ya sauka lafiya. Duk tsalle-tsallen da ake gani yau a talabijin daga nan suka samo tushe.

Masu buga littattafai ba su yi barci ba. Russ Howell ya fitar da nasa littafin koyarwa a 1975, Tom Cuthbertson ya fitar da Anybody's Skateboard Book a 1976, wasu suka biyo. Ba na raina su. Sun koya wa yaron da ke ƙauyen da ba gwani yadda zai ɗaure taya, wace ƙafa zai sa gaba, da yadda zai faɗi ya mirgina maimakon ya tokare da hannu ya karye. Illarsu ɗaya: kafin tawada ta bushe, wasan ya yi gaba. Mujallar SkateBoarder, wadda aka farfaɗo da ita a 1975, ta fi su sauri, saboda masu ɗaukar hotonta na da kyamarar da ke ɗaukar hotuna a jere cikin daƙiƙa guda. Sai a buga su layi ɗaya, yaro ya baje shafin a ƙasa yana bi da yatsa.

Da irin wannan jerin hoto duniya ta san Alan Gelfand, wani yaro daga Fulorida da abokansa ke kira Oli. A 1978 ya gano yadda zai tashi sama daga bangon siminti ba tare da ya riƙe allon da hannu ba, allon kuma ya bi ƙafarsa kamar an manna. Wasu da suka ga hoton sun rantse dabara ce, ko dai an sa gam a takalmi. Sunansa ya bi salon har yau. A 1982 wani ɗan Fulorida kuma, Rodney Mullen, wanda ya yi shekaru yana atisaye shi kaɗai a garejin gidansu, ya sauko da oli kan shimfiɗaɗɗiyar ƙasa.

Ya kamata a dubi abin da kyau, don shi ne ginshiƙin kusan komai. Ƙafar baya tana kan wutsiyar allo, wadda take ɗan ɗage sama. Mutum ya durƙusa, ya buga wutsiyar da ƙasa da ƙarfi, hancin allo ya ɗaga. A daidai wannan lokaci ya yi tsalle, ya kwantar da ƙafar gaba a gefenta, ya ja ta sama a kan takardar nan mai kaushi irin samfefa da ke manne a saman allo. Jan nan shi ke ɗago bayan allon ya daidaita a iska. Ya naɗe gwiwa, ya sauka ƙafa biyu a saitin tayoyi. Duk wannan bai cika daƙiƙa ɗaya ba. Littafi zai raba maka shi hoto biyar, da bayani a ƙarƙashin kowanne, amma tazarar da ke tsakanin bugu da tsalle ba ta ɗaukuwa a hoto, kuma ita ce oli ɗin. Shi ya sa ake gane mai koyo da takalminsa: gefen ƙaramin yatsa na ƙafar gaba ya huje, sauran takalmin sabo fil.

Lokacin da Mullen ke wannan, wasan ya sake shiga wani hali. Filayen siminti da aka yi ta ginawa tun buɗe na Carlsbad a 1976 sun kasa biyan kuɗin inshora, aka yi ta rufe su ana rushewa. A ƙasar Norwe ma haramta allon aka yi ɗungurungum, saye da sayarwa da hawa, daga 1978 har 1989. Yaran can a daji suke ɓoye gangarensu na katako. Waɗanda suka rage a Amurka suka koma bayan gida da titi. Mujallar Thrasher, da aka kafa a San Faransisko a 1981, ta zama muryarsu, da zagi da raini ga duk mai son ya mai da wasan na 'yan gayu. Mark Gonzales da Natas Kaupas suka ɗauki olin Mullen suka fita da shi gari: su haye bakin titi, su tsallake matakala, su zame a kan ƙarfen da ake dafawa in ana sauka bene. Korar da aka yi musu daga fili ita ta ba su birni gaba ɗaya.

Malamin da ya gaji littafi kaset ne. Stacy Peralta, ɗaya daga cikin yaran Zephyr na da, ya fitar da The Bones Brigade Video Show a 1984. Yanzu yaro na iya tsayar da hoto, ya mayar baya, ya sake kallo har kaset ya tsinke. Littattafan ba su mutu ba, ko a 2003 Steve Badillo da Doug Werner sun fitar da nasu na salo-salo, amma sun koma matsayin mataimaki. A cikin jama'ar wasan kuma martaba ta bar kofi ta koma bidiyo. Mutum zai shekara yana tara minti uku na abin da ya yi a titi, a girmama shi fiye da wanda ya tara lambobin gasa.

Gasar ma, babbar ranarta a wajen doka ta faɗo. Tashar ESPN ta fara wasannin da suka zama X Games a 1995. Ranar 27 ga Yunin 1999, a San Faransisko, Tony Hawk mai shekara 31 ya nace sai ya yi juyi biyu da rabi a iska, abin da suke kira 900, wanda ba a taɓa ganin an sauke ba. Ya tashi ya faɗi, ya tashi ya faɗi, har lokacin da aka ware ya ƙare. A ƙa'ida an gama. Amma abokan takararsa suka tsaya a bakin gangare suna buga allunansu suna zuga shi, masu talabijin suka ƙi kashe kyamara, alƙalai suka yi shiru. Da ya sauka a kan ƙafarsa, hannunsa na sharar katako, su waɗannan abokan takara ne suka ɗaga shi sama. Aka ba shi kyautar, agogo ya san inda dare ya yi masa.

A 2016 kwamitin Olamfik ya karɓi wasan, da yawa daga cikin tsofaffin hannu kuwa suka yi tsaki, suna ganin za a sa wa abinsu rigar makaranta. Ina ganin suna da 'yar hujja: zagaye biyu na daƙiƙa 45, da gwaji biyar na salo ɗaiɗai, da maki a allon lantarki, ba su ne abin da ya sa yaro haura katanga da bokiti ba. Sai dai abin da aka gani a Tokiyo a Yulin 2021 ya ba kowa mamaki. Yuto Horigome, wanda ya tashi a gundumar da aka gina filin, ya ci zinaren farko. Kashegari Momiji Nishiya ta Japan ta ci na mata tana da shekara 13. Ta biyu, Rayssa Leal daga garin Imperatriz na Birazil, ita ma 13. Ita wannan tun tana shekara bakwai aka san ta, ta wani ɗan guntun bidiyon waya da aka ɗauka tana sanye da rigar wasan yara mai fukafukai, ta faɗi ta tashi, sannan ta juya allo a iska ta tsallake matakala. Tony Hawk da kansa ya yaɗa shi.

Shi kuwa juyin 900 da ya ci masa shekaru da haƙarƙari, yara sun riga sun wuce wurin. A 2021 wani ɗan Birazil, Gui Khury, ya yi juyi uku cur a gasar X Games yana da shekara 12, ya ɗauki zinare, Hawk na cikin waɗanda ya kayar a ranar. A 2024 Arisa Trew ta Ostireliya, mai shekara 14, ta zama mace ta farko da ta sauke 900, bayan 'yan watanni kuma ta ci zinare a Olamfik na Faris.