Daga Garmaho Zuwa Memori: Abin da Na Tsinta a Cikin Faifan Gwanjo

'Yan uwana mazauna Garam da Sabon Wuse da Suleja da kewaye, da yawa cikinku sun sha ganina a kasuwa tsugune gaban buhun 'yan jari-bola ina tonon tsofaffin faya-fayan sidi, har wani dattijo ya taɓa tambayar mahaifina ko lafiyata ƙalau. To yau ga amsar, kuma zan haɗa ta da ɗan tarihin da na tsinta a wajen wannan tono, domin na lura abin ya shafe mu fiye da yadda na zata da farko.

Mahaifina daga wani ƙauye na jihar Tawa a Jamhuriyar Nijar ya zo, tun kafin a haife ni, ya zauna a nan Garam cikin Gbagyi yana sayar da rediyo da tocila da batir da tsofaffin kayan wuta. A shekarar 2016, ina sakandare, ya saro wasu na'urorin dibidi na hannu ya ce in gwada su. Da na buɗe ɗaya sai na tarar da faifai a ciki, wanda mai ita ya mance. Na kunna, ban fahimci ko rabin Turancin ba, amma kukan jitar ya tsaya mini a rai. Daga baya na gane faifan ƙungiyar Dire Straits ne ta Ingila, mai suna Brothers in Arms, na shekarar 1985. Wannan shi ne mafarin ciwon.

Yadda ake farautar

Mai karatu, sabon faifai na asali ba abin da ɗan sakandare zai iya saya ba ne, ko da ma akwai shi. Saboda haka sai gwanjo. Nakan bi masu tsofaffin kayan wuta a kasuwar Suleja da Madalla, da yaran da ke kwaso shara daga gidajen manya a Abuja. Su a wurinsu roba ce kawai. Darasin farko da na koya shi ne kada ka ɗauki faifai ɗaya ka yi ta kallonsa, domin nan take kuɗinsa zai ninka. Sai dai ka haɗa kashi, ka cusa wanda kake so a tsakiya, ka taya gaba ɗaya. In an ce albarka ka miƙe kamar za ka tafi, galibi kafin ka yi taku uku an sallama. Na biyu, ka ɗaga faifan sama ka duba shi a rana. In haske na ratsa wasu ƙananan huji, to fatar da ke ɗauke da waƙar ta ɓare, babu magani. In kuwa karce ne kawai a ƙasa, ɗan makilin da tsumma mai laushi kan tayar da shi. Na uku, ka buɗe kwalin tun a wurin, don na taɓa dawowa gida da murna na tarar da wani fim a cikin kwalin Jimi Hendrix.

Asalin faifan

Kafin sidi akwai faifan garmaho, wanda kamfanoni irin su EMI da Decca suka riƙa bugawa a Najeriya, har da na makaɗanmu na Hausa. Sai kaset, wanda kamfanin Philips ya fito da shi a 1963, kuma shi ne ya fi daɗewa a hannun talaka, saboda yana da araha, yana jure ƙura, kuma kowa na iya kwafa da rediyo mai baki biyu. Sidi kuwa Philips da Sony ne suka haɗu suka ƙirƙiro shi, ya shiga kasuwa a Japan a 1982. Wancan faifai da na tsinta a cikin dibidi shi ne na farko da aka sayar da kwafi miliyan ɗaya nasa a sidi. A nan wajenmu sidi bai zama ruwan dare ba sai bayan shekarar 2000, lokacin da finafinan Hausa suka bar kaset ɗin bidiyo, 'yan kasuwar Ƙofar Wambai a Kano da na Alaba a Legas suka cika ƙasa da faya-fayai. Bai yi wani dogon zamani ba wayar salula da memori suka ture shi, masu turi suka kafa tebur a kowace tasha. Lokacin da na fara tarawa, kowa zubarwa yake yi, shi ya sa na same su a ɓagas.

Ashe Najeriya ma ta yi nata

Da farko na ɗauka kiɗan rok na Turawa ne zalla. Sai wata rana na ci karo da wani faifai mai suna Nigeria Rock Special, wanda kamfanin Soundway na Ingila ya fitar a 2008. A cikin 'yar takardar da ke kwalin, da kuma karance-karancen da na yi daga baya, na gane cewa bayan yaƙin basasa ya ƙare a 1970, samari a Legas da garuruwan gabas irin su Aba sun rungumi jita mai lantarki, suka gauraya salon Hendrix da kiɗan gida. Akwai The Funkees, akwai BLO, akwai kuma Ofege, waɗanda ɗaliban kwalejin St. Gregory ne a Legas, 'yan sakandare kamar ni a lokacin, amma suka fitar da faifansu Try and Love a 1973 ƙarƙashin EMI. Ginger Baker, shahararren mai ganga na ƙungiyar Cream, ya zo ya zauna a Legas a farkon shekarun 1970, ya yi aiki da Fela, ya kuma gina ɗakin ɗaukar sauti a Ikeja. A 1973 ɗin dai Paul McCartney ya zo Legas ya ɗauki mafi yawan faifansa Band on the Run.

Abin da ya dame ni a nan shi ne, ba a Najeriya aka adana wannan tarihi ba. Kamfanonin waje ne suka zo suka bi rumbuna da ɗakunan ajiya suna tsintar tsofaffin garmaho, suka sake bugawa. A 2016 ma wani kamfanin Amurka, Now-Again, ya fitar da tarin Wake Up You! tare da littafin da Uchenna Ikonne ya rubuta a kan tashi da faɗuwar rok ɗin Najeriya. Wato kiɗan da aka yi a ƙasar nan sai da ya je Turai ya dawo cikin sharar wani Bature kafin ya iso kunnena.

Ranar da Baba ya tsaya

Mahaifina bai taɓa son wannan harka ba. Cewa yake yi, "Kai yaro, kuɗin da kake zubarwa a kan wannan hayaniya da batir ka saro da ka ga riba." Ni kuwa sai in sunkuyar da kai in ce, "To Baba." Ana nan, wata rana da yamma na kunna wani faifai da na samo, Aman Iman na ƙungiyar Tinariwen, wanda ya fito a 2007. Baba na alwala a tsakar gida. Bayan ya dawo daga masallaci sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce in sake sa wancan na ɗazu. Ya saurara shiru, sannan ya ce, "Wannan ai Buzaye ne. A ina ka samo su?"

Daren nan ya ba ni labarin da bai taɓa ba ni ba. Ya ce a shekarun 1990, lokacin tawayen Abzinawa, direbobin da ke bin hanyar Tawa zuwa Agadas sukan ɓoye irin wannan kaset, don in aka kama ka da shi a shingen soja za ka sha tambayoyi. Na bincika na tarar haka tarihin yake. Tinariwen sun samo asali ne a ƙarshen shekarun 1970 a cikin matasan Abzinawan Mali da fari da rikici suka kora Aljeriya da Libiya, kuma waƙoƙinsu sun yaɗu a Sahara ta hanyar kaset daga hannu zuwa hannu. A 2012 suka ci kyautar Grammy da faifansu Tassili. Bayansu sai Bombino na Agadas, wanda ya koyi jita yana gudun hijira, yana kallon bidiyon Hendrix da Mark Knopfler, wato mai jitar nan na faifaina na farko.

Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne Mdou Moctar, ɗan jihar Tawa, jihar su Baba. Bahago ne, kuma jitarsa ta farko da kansa ya haɗa ta da wayar burkin keke. Faifansa na farko, Anar, a Sakkwato ya ɗauke shi a 2008, da irin na'urar gyaran muryar da mawaƙan finafinan Hausa ke amfani da ita. Waƙoƙin suka bi memori da Bluetooth har suka faɗa hannun wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, wanda ya sa ɗaya cikin wani tari da ya fitar a 2011, sannan ya nemo mai ita. Faifansa Afrique Victime na 2021 ya sa masu sharhi a Amurka da Turai suna lissafa shi cikin gwanayen jita na wannan zamani. Ka ga ke nan na zagaya Ingila da Amurka da Legas a cikin buhun shara, ƙarshe na dawo ƙofar gidanmu.

Kammalawa

A ƙarshen hirar nan Baba ya faɗi wata magana da ta tsaya mini. Ya ce da ya zo ƙasar nan yana da kwali guda na kaset: Shata, Ɗan Ƙwairo, Ɗan Anace, Ɗan Gurmu na Tawa, har da wani da aka ɗauka ranar bikinsu, wanda muryar kakata ke ciki tana yi musu addu'a. Da kaset ya daina yayi sai aka tura kwalin ƙarƙashin gado, damina ta shiga ɗakin, aka kwashe aka zubar. Waƙoƙin Shata ana samunsu a wajen masu turi. Muryar kakata kuwa ta tafi ke nan, ni ban taɓa jin ta ba.

Mu da muke zaune nesa da garuruwan iyayenmu, 'ya'yanmu za su tashi da Hausar Suleja da Turancin Abuja, kuma abin da za su sani na gida shi ne abin da muka ajiye musu. Ba na cewa kowa ya koma tonon bola kamar ni, kuma na san akwai waɗanda ba su sauraren kiɗa sam, ina girmama ra'ayinsu. Roƙona kawai shi ne, duk mai tsohon kaset ko sidi a gida, na wa'azi ne, ko na biki, ko saƙon murya irin wanda iyayenmu kan aiko da shi daga ƙauye a hannun direba, kada ya zubar. A kai wa mai kwamfuta ya juye shi, a ajiye a wuri biyu, a rubuta sunan mai magana da shekara. Memori kan mutu rana ɗaya ba sallama.

Yanzu faya-fayaina sun haura sittin, suna cikin wata tsohuwar akwatin ƙarfe da Baba ya ba ni da kansa. Har yau yana kiran Hendrix hayaniya, amma in kasuwa ta yi sanyi yakan leƙo ya ce, "Sa mana na Buzayen nan." Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya sa mu dace, amin.