Tiyatar haihuwa ga mata masu matsananciyar ƙiba

Tiyatar haihuwa ga mata masu matsananciyar ƙiba ita ce ciro jariri ta hanyar yanka ciki da mahaifa a jikin macen da ma'aunin nauyi da tsawonta, wato BMI, ya kai 40 ko fiye. Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya wannan a mataki na uku na ƙiba. Babbar matsalar likita ita ce inda zai yanka, saboda teɓar da ke saukowa ta rufe mara.

Yanka a ƙarƙashin teɓa

Hanyar da aka fi bi ita ce yanka a kwance, sama kaɗan da ƙashin mara, wadda likitan Jamus Hermann Pfannenstiel ya bayyana a 1900. Ana ɗage teɓar sama a riƙe ta da filasta. Kitsen wurin bai cika kauri ba, kuma ana isa ƙasan mahaifa kai tsaye. Sai dai nauyin teɓar yana iya danne numfashin mace, kuma bayan aiki ciwon yana zama cikin lanƙwasar fata mai damshi, inda ƙwayoyin cuta ke yaɗuwa.

Yanka a saman cibiya

Idan teɓar ta yi girma ƙwarai, ana janye ta ƙasa a yanka a saman cibiya, a tsaye ko a kwance. Cibiyar takan sauka daga mazauninta, don haka likita yana dogara da ƙashin mara da na ƙugu wajen gane wuri. Wannan hanya takan tilasta yanka mahaifa a tsaye. Irin wannan tabon yana iya fashewa a naƙuda ta gaba, shi ya sa haihuwar da ta biyo baya takan zama ta tiyata.

Matakan kariya

An fi son allurar kashe zafi ta gadon baya a kan ta barci, domin sanya bututun numfashi yana da wuya ga mai ƙiba. Ana ba da maganin ƙwayoyin cuta cikin minti 60 kafin yanka. Wadda ta kai kilo 120 akan ba ta giram 3 na cefazolin maimakon 2. Idan kaurin kitsen ƙarƙashin fata ya kai santimita 2, ana ɗinke shi daban don kada ciwon ya buɗe. Bayan aiki ana ba da allurar heparin, a kuma sa mace ta fara takawa da wuri, domin hana jini daskarewa a jijiyoyin ƙafa.