Tarihin Gwajin Ciwon Suga Ga Masu Juna Biyu



A wurinmu idan mace ta haifi ƙaton jariri, murna ake yi, 'yan barka su ce uwa ta ci ta ƙoshi. Likitoci kuwa sun shafe fiye da shekara ɗari kafin su gane cewa wani lokaci wannan girman alama ce ta sugan da ya hau a jinin uwa ba tare da ta sani ba. Ga yadda aka kai ga gane hakan, da kuma dalilin da ya sa yanzu ake so wasu mata su yi gwajin tun cikin yana ƙarami.

Labarin ya faro ne a birnin Berlin na ƙasar Jamus a shekarar 1824. Wani matashin likita mai suna Heinrich Bennewitz ya rubuta bayanin wata mata 'yar shekara 22 da ke ɗauke da cikinta na biyar. Ƙishirwa ta addabe ta, tana ta shan ruwa ba ta ƙoshi, fitsarinta kuma cike da suga. Da naƙuda ta zo, jaririn ya kai kusan kilo biyar da rabi, kuma bai rayu ba. Abin da ya ba likitan mamaki shi ne, bayan haihuwa ƙishirwar ta tafi, sugan ya ɓace daga fitsarin. Wannan ne ake ɗauka a matsayin rubutu na farko kan ciwon sugan da ciki ke kawowa.

A 1882 wani likitan mata a Landan, Matthews Duncan, ya tattara bayanan ciki 22 na mata masu ciwon suga. Jarirai da yawa sun mutu, haka ma iyayen. Shi ne ya nuna cewa ciwon yana iya zuwa da ciki, ya tafi bayan haihuwa, ya kuma dawo a wani cikin. Amma a zamanin ba a gane ciwon sai alamominsa sun fito fili, lokacin da ɓarna ta riga ta auku, kuma babu magani.

Magani ya samu bayan da aka gano insulin a Toronto ta ƙasar Kanada a 1921, aka fara yi wa mutane allurarsa a 1922. Mata masu ciwon suga suka fara tsira da ransu, sai dai jariransu sun ci gaba da mutuwa. Wata likita a Boston ta Amurka, Priscilla White, ta ƙare rayuwar aikinta a kan wannan matsala. A 1949 ta karkasa masu ciki gida gida, kuma ta ware rukuni na musamman ga matan da ba su da wata alama, gwaji ne kaɗai ke tona ciwon nasu.

Sirrin girman jaririn kuwa, wani likita ɗan ƙasar Denmark, Jorgen Pedersen, shi ya warware shi a 1952. Sugan da ke jinin uwa yana ratsa mabiyiya ya shiga jinin ɗan tayi, amma insulin ɗin uwa ba ya ratsawa. Dole jikin ɗan tayin ya samar da nasa insulin da yawa, shi kuma insulin yana mayar da suga kitse. Shi ya sa jaririn ke yin ƙiba, kafaɗarsa ta iya maƙalewa wajen fita. Da an yanke cibiya kuma sugan uwa ya daina zuwa, sai nasa ya faɗi ƙasa, har ya kai ga haɗari.

Saura a san yadda za a gano matar tun kafin a kai ga haka. A 1964 John O'Sullivan da Claire Mahan, su ma a Boston, suka ba mata masu ciki 752 ruwan suga mai giram 100, suka riƙa auna jininsu har awa uku. Daga nan aka samu ma'aunin farko. Da aka ci gaba da bibiyar matan da gwajin ya kama, sai aka ga kusan rabinsu sun kamu da ciwon suga na dindindin bayan shekara ashirin da wani abu. A 1973 O'Sullivan ya fito da gwaji mai sauƙi na giram 50 da awa ɗaya. Tarukan masana da aka fara a Chicago a 1979 suka kai ga tsayar da lokacin gwaji tsakanin mako na 24 da na 28, wato wajen wata shida zuwa bakwai. Dalili shi ne a wannan lokacin ne sinadaran da mabiyiya ke fitarwa suke fi hana insulin yin aikinsa.

Duk da haka wasu likitoci sun daɗe suna gardama cewa gwajin ɓata kuɗi ne da tayar wa mata hankali. Bincike biyu ne suka kashe wannan gardama. A 2005 wani bincike da aka jagoranta daga Ostireliya kan mata 1,000 ya nuna cewa kula da ciwon ya rage munanan matsalolin jarirai daga kashi 4 cikin ɗari zuwa kashi 1. A 2008 kuma binciken da ake kira HAPO, wanda ya ƙunshi mata kusan 25,000 a ƙasashe tara, ya nuna cewa duk yadda sugan uwa ya ƙaru, ko da kaɗan ne, haɗarin haifar ƙaton jariri yana ƙaruwa. A kan wannan ne Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da sabon ma'auni a 2013: a sha giram 75, kuma idan jini ya kai 92 kafin cin komai, ko 180 bayan awa ɗaya, ko 153 bayan awa biyu, to akwai ciwon.

Sai tambaya ta ƙarshe ta taso: matar da tun farko aka san tana cikin haɗari, me ya sa za ta jira wata shida? A nan amsar ba ta zo da sauƙi ba. Wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2020 kan mata masu ƙiba bai ga wani bambanci ba tsakanin waɗanda aka gwada da wuri da waɗanda aka jinkirta. Amma a 2023 wani binciken da aka yi a Ostireliya da Ostiriya da Suwidin da Indiya kan mata 802 da aka gano ciwonsu kafin mako na 20 ya nuna cewa fara kulawa nan take ya rage matsalolin jarirai daga kusan kashi 30 zuwa kusan kashi 25, musamman matsalar numfashi. Ribar matsakaiciya ce, amma ta tabbata. Gwajin farko yana da wani amfanin kuma: yana tona matan da dama suna da ciwon suga tun kafin ciki ba su sani ba, kuma irin wannan sugan shi ke iya taɓa halittar ɗan tayi a makonnin farko.

Matan da ya kamata su nemi gwajin tun ranar farko ta awo su ne: wadda aka taɓa samun ciwon a cikinta na baya, wadda ta taɓa haifar jariri mai kilo huɗu ko fiye, wadda ta taɓa haifar ɗa ba rai ba a san dalili ba, mai ƙiba sosai, da wadda mahaifi ko mahaifiya ko ɗan'uwanta na jini ke da ciwon suga. Ko gwajin farko ya fito lafiya, sai an maimaita a mako na 24 zuwa 28. Bayan haihuwa ma, wadda aka samu da ciwon ta koma a sake auna ta bayan mako shida zuwa sha biyu, wato da an gama wanka.

Kada a haɗa wannan da zaƙin da iyayenmu ke ba da jiƙo a kansa idan haihuwa ta matso. Jiƙo ba ya auna jini. Mafi yawan matan da aka gano da wuri, gyaran abinci da tattaki sun ishe su, wasu ne ke buƙatar magani.

Matsalarmu ita ce da yawa ba a fara awo sai ciki ya fito fili, wasu saboda kunya, wasu saboda jiran izini ko kuɗin mota daga maigida. Matar Berlin ba ta da gwaji, ba ta da insulin, mu kuwa duka biyun suna asibitocin da ke kusa da mu. Maigida, idan haihuwar baya ta zo da ƙaton jariri ko an sha wuya, kai ta awo da zarar an tabbatar da ciki, ku kuma faɗa wa ma'aikatan abin da ya faru a baya ko ba su tambaya ba.

Allah Ya sauki masu juna biyu lafiya.