Jirgin Ƙasa a Kan Tebur: Yadda Ƙungiyar TMRC ta Kafu a Jami'ar MIT

A shekarar 1946, yaƙin duniya na biyu bai daɗe da ƙarewa ba, wasu ɗaliban MIT, babbar jami'ar kimiyya da fasaha da ke garin Cambridge a jihar Massachusetts ta Amurka, suka haɗa kai suka kafa ƙungiyar masu ƙera ƙananan jiragen ƙasa. Suka raɗa mata suna Tech Model Railroad Club, TMRC a taƙaice. Mutum biyu ne suka ja gaba, John Fitzallen Moore da Walter Marvin, kuma da aka zo ba 'yan ƙungiya lamba, su ne suka riƙe 0 da 1.

Abin da ya haɗa su ba ɓoyayye ba ne. Mai sha'awar ƙera ƙaramin jirgin sama ko na ruwa yana iya zama a kusurwar ɗakinsa ya gama abinsa ya ɗora a kan kanta. Jirgin ƙasa ba ya yarda da haka. Sai an shimfiɗa masa dogo, dogo kuma sai da fili, sai da tasha da gada da tsauni da garin da za a kai kaya. Ɗalibin da gadonsa da teburin karatunsa suka cinye masa ɗaki ba shi da inda zai baje wannan duka, ba shi da kuɗinsa, ba shi ma da lokacinsa. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Shi ya sa a duk inda wannan sha'awa ta yi ƙarfi, a Amurka ko Ingila ko Jamus, za ka tarar ta haifi ƙungiya.

Duk wanda ya taso a ƙasar Hausa ya san motar kara, ya san daɗin da yaro ke ji idan ya fere ɓargo ya yi taya, ya soka tsinke, motarsa ta tsaya da ƙafafunta. Daɗin ɗaya ne da wanda waɗannan ɗalibai ke nema. Inda suka rabu da yaron shi ne ma'auni. Shi da ido yake aunawa, su kuwa sun ɗaure kansu da ƙa'idar da ake kira HO, wato kowane abu a rage shi sau 87. Dogon gaske da faɗinsa yake milimita 1,435 sai ya koma milimita 16.5. Taragon da ya kai mita 15 ba zai wuce santimita 17 da 'yan kai ba, mutumin da ke tsaye a bakin tasha kuma santimita biyu. Idan ƙofar shago ɗaya ta kauce wa wannan lissafi, ido zai gane nan take, garin duka ya koma kayan wasan yara.

Sa'ar farko da ƙungiyar ta taka ita ce wurin zama. A 1943 jami'ar ta yi wani gini na katako cikin gaggawa domin masu binciken rada, na'urar hango jiragen yaƙi, da niyyar a rushe shi da zarar an gama yaƙin. Ba a ma ba shi suna ba, Gini na 20 kawai ake ce masa. Yaƙi ya ƙare, ɗalibai suka yi yawa, wuri ya yi ƙaranci, sai aka bar shi ya ci gaba da tsayuwa. A nan aka ba TMRC ɗaki, mai lamba 20E-214. Da a ce ginin alfarma ne, da kullum suna gaban hukuma suna neman izinin buga ƙusa. Shi kuwa wannan ba wanda ya damu da shi. Kana son ka huda bango ka zura waya, huda. Manyan malamai ma sun more wannan 'yanci, domin a ginin ne Noam Chomsky, masanin harshe, ya yi shekaru yana da ofis.

A ɗakin suka gina layin dogonsu, suka kira shi Tech Nickel Plate. Tun da wuri 'yan ƙungiyar suka rabu gida biyu, ba don faɗa ba, sai don kowa da inda zuciyarsa ta karkata. Akwai mutanen saman tebur, 'yan wuƙa da burushi. Su ne masu yanka siraran katako su jera a ƙarƙashin dogo, su kwaɓa filasta su yi tsauni, su zauna da burushin da bai fi tsinken sakace kauri ba suna rubuta lamba a jikin tarago. Aikinsu mafi wuya shi ne tsufar da abu. Taragon da ya fito sabo fil yana sheƙi ba ya kama da na gaske, don haka sai a bi shi da fenti mai ruwa-ruwa a sa masa tsatsa a bakin ƙofa, a sa baƙin hayaƙi a saman kan jirgi da bakin ramin da jirgi ke ratsa dutse, daidai inda hayaƙin gaske zai taɓa. Wanda bai taɓa tsayawa ya ƙura wa jirgin gaske ido ba, ba zai iya wannan ba.

Sannan akwai mutanen ƙarƙashin tebur, kwamitin sigina da wuta. Su aikinsu ba ya ganuwa sai ka durƙusa ka leƙa, ka ga wayoyi sun sarƙe kamar ba mai iya warware su. Matsalar da ta kai su can tana da sauƙin faɗa. Ƙaramin jirgi ba ya ɗauke da man da zai ƙona, daga dogon yake shan lantarki. Idan ka ƙara wuta ya ƙara gudu, idan ka juya ta ya koma da baya. To idan jirage biyu suna kan dogo ɗaya fa? Duk abin da ka umarci ɗaya, ɗayan ma zai yi. Maganin da aka sani shi ne a yanka dogon gunduwa-gunduwa, kowane yanki da wutarsa daban. Amma sai wata wahalar ta taso: direba ya koma mai gadin makunni, yana kunna yankin da ke gaba yana kashe na baya, ba shi da sukunin kallon jirginsa. Idan direbobi sun kai biyar a ɗaki guda, sai hayaniya da karo.

Abin da 'yan ƙarƙashin tebur suka sa a gaba shi ne dogon ya riƙa sanin inda kowane jirgi yake da kansa, ya miƙa wa direbansa yankin da ke gaba idan babu kowa a ciki, ya hana shi idan akwai. Sai suka lura cewa kamfanin tarho ya riga ya warware irin wannan matsala, domin aikin ɗakin haɗa waya ke nan: ya nemi layin da ba kowa, ya haɗa mai kira da wanda ake kira, ya riƙe musu layin har su gama. Saboda haka da kayan tarho suka gina tsarinsu, musamman rile, wani ɗan makunni da maganaɗisu ke rufewa idan wuta ta bi ta cikinsa. An jera su sahu-sahu, jirgi na tafiya suna ƙas-ƙas. Har faifan buga lamba na tsohuwar tarho, wanda ake sa yatsa a juya, sun sa shi aiki. A wurare daban-daban na ɗakin kuma akwai maɓallan gaggawa, wanda duk ya hango karo sai ya danna, komai ya tsaya cak, agogon ɗakin ya daina nuna lokaci ya rubuta FOO.

Kayan ba saya suke yi duka ba. Malamin da ke kula da ƙungiyar, Farfesa Carlton Tucker na sashen injiniyan lantarki, yana da hanya da masu harkar tarho, kuma a lokacin kamfanin Western Electric na ba jami'o'i kyautar kayan aiki. Abin da ya rage sai a je wurin 'yan gwangwan a Somerville, garin da ke maƙwabtaka da su, a tsinto. Kuɗin kashewa kuwa, injin sayar da Coca-Cola da suka ajiye yana kawo musu.

A ganina, ƙa'idar da ta fi kowace gina wannan ƙungiya ita ce ta makulli. Sabon shiga, ko ɗan ajin farko ne, idan ya yi aikin awa 40 a kan layin dogon, sai a danƙa masa makullin ɗakin. Daga ranar yana iya zuwa da tsakar dare ya buɗe, ya kwance abin da wani ya haɗa jiya idan yana ganin zai iya gyara shi ya fi haka. Ba a tambayar ajinsa ko sakamakon jarrabawarsa. Amana ce babba a ba yaro ɗan shekara 18 ikon taɓa aikin da aka yi shekara goma ana tarawa, kuma wanda aka ba irin wannan amana da wuya ya yi wasa da ita.

A 1958 wasu sababbin ɗalibai suka shigo, cikinsu akwai Peter Samson da Alan Kotok, duka biyun suka zarce ƙarƙashin tebur. Zuwa lokacin 'yan ƙungiyar sun riga sun ƙirƙiro zaurancensu, Samson ya tattara shi ya yi ƙamus a 1959. A cikinsa akwai kalmar hack, wadda a bakinsu take nufin aikin dabara da mutum ya yi don daɗin yin sa. Daga nan sunan hacker ya bazu, tun kafin a jingina shi ga masu kutse.

A wannan lokaci babbar kwamfutar jami'ar, IBM 704, ba ta taɓuwa. Sai dai ka kai katunanka masu huji ka miƙa wa ma'aikaci, ka dawo daga baya ka karɓi amsa. Amma a 1958 aka kawo wata daga ɗakin binciken Lincoln mai suna TX-0, wadda mutum ke zama gabanta ya ba ta umarni ta amsa masa nan take. Ɗaya daga cikin masu kula da ita, Jack Dennis, tsohon ɗan TMRC ne, shi ya buɗe wa ƙannensa na ƙungiyar ƙofa. Yaran da suka saba kwana suna bin waya ɗaya-ɗaya don gano inda rile ya maƙale, sai suka tarar da na'urar da ke aiki da irin tunanin da suka riga suka iya. Suka riƙa kama layin dare, lokacin da manya suka tafi barci. Samson ya sa ta rera kiɗan Bach. Kotok da abokansa suka shiga rubuta manhajar wasan ces, darar Turawa, a ƙarƙashin malaminsu John McCarthy.

A 1961 kamfanin DEC ya ba jami'ar kyautar kwamfutar PDP-1. A kanta ne Steve Russell da abokansa suka kammala Spacewar! a 1962, ɗaya daga cikin wasannin kwamfuta na farko-farko, inda kumbo biyu ke harbin juna a sararin sama. Samson ne ya zana taurarin da ke bayan fage, kowanne a inda yake a sama ta gaske. Da aka ga buga wasan da makunnan jikin kwamfutar yana gajiyar da hannu, Kotok da Bob Saunders suka koma ɗakin TMRC suka tsinci katako da waya da makunnai, suka haɗa akwatunan sarrafawa na riƙewa a hannu. Kotok ya yi shekaru sama da talatin a DEC, yana cikin waɗanda suka tsara kwamfutocin PDP-6 da PDP-10. Samson kuwa son jirgi bai sake shi ba: a 1967 ya sa kwamfuta ta tsara masa hanyar da zai zagaye dukkan layukan jirgin ƙarƙashin ƙasa na New York cikin mafi ƙarancin lokaci, ya kuma je ya hau.

Littafin Hackers na Steven Levy, wanda ya fito a 1984, da labarin wannan ƙungiya ya buɗe, kuma shi ya sa duniya ta san ta. Sai dai tun daga nan ake ba da tarihinta kamar jiragen wani tsani ne kawai da aka taka aka hau zuwa kwamfuta, 'yan wuƙa da burushi kuma a ambace su a layi ɗaya a wuce. Wannan bai yi musu adalci ba. Su ne suka gina tashoshi da mararraba da wuraren juya tarago, suka nace sai jirage da yawa sun yi tafiya lokaci guda bisa jadawali kamar na gaske. Wannan nacin ne ya ɗora wa 'yan waya nauyin da ya kaifafa su. Kuma da kwamfuta ta janye waɗanda ta janye zuwa wasu ɗakunan bincike, masu son jirgi don jirgi ne suka ci gaba da buɗe ɗakin, suna share dogo, suna karɓar sababbin ɗalibai kowace shekara.

Jarrabawa mafi girma ta zo a ƙarshen shekarun 1990, da jami'ar ta yanke shawarar rushe Gini na 20, bayan ya yi shekara 55 a tsaye. Layin dogon da aka gina a jikin ɗaki, aka yi rabin ƙarni ana ƙara masa, ba ya ɗaukuwa a kai wani wuri. Dole aka wargaza shi, aka tsira da abin da za a iya tsira da shi. A 1997 ƙungiyar ta koma ginin N52, inda gidan tarihin jami'ar yake a lokacin, a 1998 aka rushe tsohon ginin, aka gina cibiyar Stata a filinsa.

A sabon ɗakin suka fara daga katakon farko. Suka tsayar da zamanin sabon layin a shekarun 1950, lokacin da jirage masu tururi da masu dizal ke aiki kafaɗa da kafaɗa a Amurka, don kowa ya sami irin kan jirgin da yake so ya ƙera. Rile na tarho ya ba da wuri ga sabon tsari, wanda ƙananan ƙwaƙwalen lantarki ke gudanarwa a ƙarƙashin kwamfuta mai Linux. A cikin gine-ginen da suka ƙera har da ƙaramin Green Building, dogon benen jami'ar, wanda aka sa wa tagoginsa fitilu ta yadda baƙo zai iya buga wasan Tetris a jikinsa. A watan Afrilun 2012 wasu 'yan MIT suka yi haka a jikin benen na gaske, mai hawa 21, jama'a suka taru a fili suna bugawa.